Ba kowane saurin Bature ne sauri ba

A yawancin makarantunmu na gida, in malami ya tambayi ma'anar "fast" yara su ce sauri, "quick" ma sauri, "rapid" ma sauri, shi ke nan a wuce gaba. Zaman da nake yi a Birmingham ta Ingila ya nuna min cewa wannan koyarwa ta tauye Turancin, ta kuma tauye Hausar, kuma tauyewar Hausar ce ta fi ba ni haushi.

A bakin mutanen nan, "fast" na abin da ke tafiya ne, kamar mota ko jirgin ƙasa ko ɗan tsere. "Quick" kuwa na abin da ba ya cin lokaci ne. Mutum zai ce maka ya yi "quick shower", ba za ka ji ya sa "fast" a nan ba. To ai mu ma haka muke. Mota gudu take yi, amma ba wanda zai ce ya yi wanka da gudu, sai dai ya watsa ruwa cikin hanzari. Bahaushen da ya ce "wani hanzari ba gudu ba" ya riga ya raba biyun tun kafin a kawo mana boko. Me ya sa ba za a koya wa yaro haka ba?

Wanda littafi ba ya faɗa shi ne aikin da "quick" ke yi a wurin aiki. Abokiyar aiki za ta leƙo ta ce tana da "quick question", tambayar kuma ta cinye rabin awa. Ba ƙarya ta yi ba, ban haƙuri ne tun kafin ta ci maka lokaci, domin a nan lokacin mutum dukiyarsa ne. Idan kuwa shugabanka ne ya tsaya a kanka ya ce yana son "a quick word", ya kuma ja ƙofa ya rufe, to gyara zama, da magana. Mu a gida ladabinmu a tsawaita yake. Ka je wurin babba da buƙata, sai ka gaishe shi, ka tambayi iyali da gajiya da sanyi, sannan ka ce dama wata 'yar magana ce. Da za ka fara da cewa sauri kake yi, an ce ba ka da kunya. Su suna girmama ka da alkawarin gajartawa, mu da nuna cewa ba ma ƙosawa da kai. Ni dai har yau namu ya fi kwanta min, ko da yake ranar da aiki ya sha min kai nakan gode wa nasu.

Asalin kalmomin ma abin dubawa ne. A tsohon Turanci "quick" mai rai yake nufi, shi ya sa suke kiran zaiba "quicksilver", wato azurfa mai motsi. "Fast" kuwa abin da ya kafu ne daram, har yanzu wanda barcinsa ya yi nauyi "fast asleep" ake ce masa, kuma da kalmar suke kiran azumi. "Speed" da can nasara ce da dacewa, da ita ake yi wa matafiyi addu'a a ce "Godspeed". Yau in kyamara ta kama ka ka haura gudun mil 70 a awa a babbar hanya, "speeding" ke nan, tarar fam 100 mafi ƙaranci da maki 3 na laifi a lasinka.

Akwai kuma "haste" da "hasty", masu ɗauke da zargi. Nan ne muka fi su kaya, don muna da gaggawa, wadda aka ce aikin shaiɗan ce, muna da garaje na wanda bai tsaya ya yi tunani ba, ga azarɓaɓi na mai shiga abin da ba a kira shi ba tukuna. Karin maganarsu "more haste, less speed" kusan ita ce tamu ta sauri ya haifi nawa. Yaron da aka fassara wa "hasty decision" da hukuncin sauri ba zai gane cewa suka ce ba, alhali da an ce masa an yi garaje, nan take zai san an yi ɓarna.