Barajinmu (madatsar ruwa) daga tudu yake mutuwa

Makon jiya na sauka Ƙonni daga Tawa don gaida Baffa. Na tarar da shi tsugune bakin kanal yana kwashe yashi da shebur, albasarsa duk ta yi laushi. Na ce, "Baffa, ina ruwan?" Ya damƙo yashin ya nuna mini, ya ce, "Ga shi nan, ɗana, shi aka aiko mana bana."

Ruwan gonakin Ƙonni, sama da ekta 2,000, daga koramar Magiya yake zuwa. Barajin Mozage da na Zongo ke tare shi da damina, a sako shi zuwa ma'ajin ruwa na Cerasa, daga nan a raba wa manoma. To amma Magiya ba ruwa kaɗai take kawowa ba. Tudun da ke sama mun sare itacensa mun yi girki, ya koma fako. Ruwan sama in ya faɗi ba ya nutsewa, sai ya kwashi ƙasar ya gangaro da ita. Kowace damina laka na ƙara kwanciya cikin baraji, mazaunin ruwa na raguwa, rani bai yi nisa ba maƙwabta sun fara cacar baki kan wa zai sha yau.

An gyara kanal da kuɗin yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu da Amurka a 2016, madalla. Sai dai siminti ba ya riƙe tudu.

Ni a ganina, cikin kuɗin ruwan da manoma ke biya bayan girbi a ware wani abu a kai wa ƙauyukan tudu, su haƙa tassa da rabin wata (ramukan tare ruwan sama a gona), su jera duwatsu, su bar tsiron itace ya tashi. Ba baƙon aiki ba ne gare mu. A Keita an fara shi tun 1984, mata suka ɗauki duwatsu a ka, kuma wanda ya bi ta can ya ga fakon da ya koma gona. Ramin tassa ɗaya, da ɗan taki a ciki, ruwan da zai gudu da ƙasa yake tsayarwa.

Na san za a ce kuɗin ruwan ma da ƙyar ake biya, ga tsadar taki. Gaskiya ne, Baffa kansa ya faɗa mini haka, har da harara. Na ce masa ya lissafa kwana nawa ya yi bana da shebur a hannu maimakon hauya. Bai amsa ba, ya ci gaba da kwashe yashinsa.