Jirgin Ƙarfe Tara da Wayata Ta Ce Sha Ɗaya

A zuri'armu ni ne injiniyan waya, duk da cewa ainihin sana'ata sayar da atamfa ce a Kantin Kwari. Wanda WhatsApp ɗinsa ya ƙi buɗewa, da wadda hotunan biki suka cinye mata waje, da wanda ya manta lambar buɗe wayarsa, duk gabana ake kawowa. Saboda haka da 'ya'yan Goggo, ƙanwar mahaifina, suka haɗa kuɗi suka biya mata Umara, ba a daɗe ana shawarar ɗan rakiya ba. Aka ce a tafi da mai ilimin waya. Sunan kakanmu na ci, don haka Goggo ba ta faɗin sunana, Babana take ce mini, ko da faɗa za ta yi.

Shiri na yi na gaske. Na sauke Nusuk, manhajar da hukumomin Saudiyya suka tanada don izinin shiga Rauda. Na sauke ta taswira, na kuma ajiye taswirar Makka da Madina a cikin wayar yadda za ta buɗe ko babu data. Na ƙara da ta fassara, da ta kiran tasi, da ta lissafin riyal zuwa naira, wadda ba na ba mai hawan jini shawarar saukewa. Sai ta alƙibla da lokutan salla, sai kalanda mai tunatarwa, inda na jera tafiyar kaf tun ina zaune a shago. Goggo kuwa shirinta dakakken yaji ne, da garin kunu, da man zafi, da 'yar wayarta mai madannai da tocila.

A Madina aka fara ganin amfanina. Daren da muka sauka Goggo ta shimfiɗa sallaya tana neman gabas, na ce mata a nan kudu ake fuskanta, Makka tana kudu da Madina. Ta dube ni sama da ƙasa. Na ɗora wayar a tafin hannu, kibiya ta juya ta tsaya. Ina cikin ƙarin bayani sai ta ɗaga kai ta ga kibiyar da masu otal suka manna a silin, ta ce ai ga shi nan an rubuta, me ya kawo waya. Ladar ta tafi ga silin.

Nusuk kuma ta yi aikinta tsaf. Ka zaɓi rana da lokaci, maza da nasu, mata da nasu, a ba ka tambarin nan mai ɗigo-ɗigo da ake haskawa a ƙofa. Matsalar ɗaya ce, izinin Goggo a wayata yake, ni kuma ba na shiga ɓangaren mata. Haka na damƙa mata wayar ina ja mata kunne kada ta taɓa komai. Ta fito fuska sharkaf da hawayen farin ciki, wayar kuma cike da hotunan haɓarta da gefen hijabi.

Sai maganar tafiya Makka. Tun a Kano nake cika wa mutanen gida kunne da jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2018. Kilomita 450 ne tsakanin garuruwan biyu ta layin dogon, jirgin yana gudun kilomita 300 a awa, ya biya ta Jidda, cikin kusan awa biyu da rabi an sauke ka. Wani abokina da ke zaune a Jidda ya saya mana tikiti da katinsa ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma nan take, ina tsakiyar ciniki da wata mai neman turmi uku, na shigar da lokacin a kalanda, na ce ta tuna mini saura awa biyu.

Ranar tafiya Goggo tun da aka idar da Asuba ta ɗaure kayanta ta zauna a kan jakar, carbi a hannu.

"Babana, ba ka ce tara ba?"

Na duba kalanda. Ƙarfe 11:00 ne a rubuce, ɓaro-ɓaro.

"Sha ɗaya ne, Goggo. Ki kwanta ki huta."

"Ni dai tara na ji ka faɗa a tsakar gida, ranar da aka kawo dambu."

Na yi mata bayani cikin ladabi cewa ƙwaƙwalwar mutum tana mantuwa, ta waya ba ta yi. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da jan carbinta. Irin wannan "to" ta tsofaffi, wanda ya girma a gidan yawa ya san ba ta ƙare ba. Ni kuwa da na ga lokaci ya yalwata, sai na fita kasuwa na zaɓo dabinon ajwa a tsanake, har da ɗanɗana na shago uku, na dawo na yi wanka na ɗaura harami, tunda mai bin jirgi daga Madina da haraminsa yake shiga, in an zo daidai miƙati ya yi niyya.

A nan na gano abin da babu manhajar da ta gaya mini: harami ba shi da aljihu. Mutumin da rayuwarsa take cikin waya, ga fawa banki, ga igiyar caji, ga fasfo biyu, an ba shi ƙyalle biyu marasa ɗinki. Na cusa abin da zai cusu a bel, wayar na riƙe a hannun dama, hagu na aikin tare mayafin da ke zamewa daga kafaɗa duk taku uku.

Ƙarfe goma muka isa tasha, ina tafe ina jin kaina, awa guda cur kafin lokaci. Na miƙa tambarin tikiti ga na'ura. Ta yi ja. Na goge fuskar wayar da gefen harami na sake miƙawa, ta sake yin ja. Ma'aikacin da ke tsaye ya leƙo, na yi maza na buɗe manhajar fassara na fara yi mata jawabi da Hausa don ta juya masa zuwa Larabci. Bai jira ba. Ya sa yatsa a kan tikitin, inda aka rubuta 09:00, sannan ya ƙwanƙwasa agogon hannunsa sau biyu. A lissafina a lokacin jirginmu ya kusa rabin hanya, kujerunmu biyu na shan sanyi su kaɗai.

Bari in yi wa mai karatu bayani, don har gobe ina kan bakana cewa babu wanda ya yi kuskure. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa 2. Kalandar waya kuma ba lambar da ka rubuta take riƙewa ba, ainihin lokacin take riƙewa. Da na rubuta tara ina Kano, ta ɗauka taran Kano nake nufi. Da muka sauka wayar ta koma agogon Saudiyya, sai ta yi mini kirki ta fassara: taran Kano, sha ɗayan Madina. Lissafinta daidai. Abin da na rubuta daidai. Akwai wani ɗan wuri a ƙasa inda ake zaɓar agogon ƙasar da abin zai faru, amma wa ke gangarawa can alhali mai turmi uku na tsaye tana neman ragi? Na yi wa Goggo wannan bayanin tiryan-tiryan, har da zagayen duniya da fitowar rana. Ta saurara har ƙarshe.

"To yanzu jirgin zai dawo ne, tunda kowa ya yi daidai?"

Jiragen da ke biye sun cika, sai na dare. Na ce babu damuwa, akwai manhajar tasi. Na buɗe, ta ce in tabbatar ni ne, ta tura lambar sirri zuwa layina. Layina na Najeriya, wanda na cire ranar da muka sayi na Saudiyya, na naɗe a takarda, na sa a aljihun kaftani, kaftanin kuma yana can ƙasan jaka, ƙarƙashin dabino da garin kunu da tsarabar jikoki. Na durƙusa a tsakiyar tasha na zuge jaka. Haƙorana na riƙe da gefen mayafi, gwiwa na danne zanen ƙasa, hannu na tono. Wasu 'yan Indunusiya masu jakunkuna iri ɗaya suka ratsa ta gefena a jere, kowanne ya sunkuyar da kai don kada in ji kunya, abin da ya ƙara mini kunyar. Na samo layin, sai abin zare shi, wannan ɗan tsinken ƙarfe. Na waiwaya in ari fil ɗin hijabin Goggo. Babu Goggo.

A waje na same ta, a inuwa, tana hira da wani dogon mutum mai farar jallabiya. Da Hausa. Tun daga nesa nake jin tana tambayarsa su wane ne mutanensa. Haifaffen Madina ne, bai taɓa taka Najeriya ba, amma kakansa daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya bi ta Chadi da Sudan yana noma yana ƙara gaba, shekara da shekaru, kafin ya tsallako Bahar Maliya. Hausarsa irin ta tsofaffi, da Larabci yana leƙowa ta tsakiya. Yana da mota, kuma Makka za shi. Kafin in iso Goggo ta gama ciniki, ta kuma ba shi yaji a leda na kai wa mahaifiyarsa. Da na samu na buɗe manhajar daga baya na ga farashinta, sai na mayar da wayar bel ban ce komai ba.

Ya tsaya da mu a Abyar Ali, wato Zul-Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, 'yar tafiya kaɗan daga gari. Goggo ta yi alwala a natse, ta yi nafila, ta yi niyya ƙafarta a ƙasa. Ta ce dama zuciyarta ba ta kwanta da niyyar da za a yi a guje ba, Allah ne ya dube ta. Na so in ce to ashe kalandar ta yi rana, na ga ba lokacinsa ba ne.

Muka hau titin Hijira, tafiyar fiye da awa huɗu, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. Na kunna taswira don a san ina aiki. Muna tsakiyar talbiyya, muryoyi uku sun haɗu gwanin daɗi, sai Baturiyar cikin waya ta yi magana daga ƙugu na, wai a ci gaba da tafiya miƙe. A titin da ba shi da kwana. Direba ya dube ni ta madubi.

"Alhaji, don Allah sallami matar nan, muna ibada."

Ban ma sallame ta ba. Na ɗora wayar a gaban mota inda rana ke duka, ba a jima ba ta rubuta cewa ta yi zafi, ta kashe kanta.

Umara dai mun yi ta lafiya, alhamdu lillahi, ɗawafi da sa'ayi da aski, kuma a nan babu wanda ya tuna da waya. Fitowa ce ta zama aiki. Masaukinmu yana Misfala, ta titin Ibrahim Khalil, inda 'yan Najeriya suka fi sauka, ni kuma na fito da mu ta wata ƙofa daban. Na buɗe taswira. Shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ya rasa natsuwa, don dogayen gine-ginen da suka kewaye Harami, har da na agogon nan mai tsayin mita 601, suna tare saƙon tauraron ɗan'adam suna karkatar da shi. Yanzu ya ce ina cikin otal, an jima ya ce ina kan dutse. Na bi shi muka shiga wata hanyar ƙarƙashin ƙasa, ya ɓace gaba ɗaya. Caji ya koma kashi 2. Fawa banki na bel, igiyarsa na cikin jakar da na tona a Madina. Wayar ta yi duhu a hannuna, ga sabon aski iska na kaɗawa.

Goggo ta juya gefen hijabinta. Katin otal ne maƙale da fil, wanda ta karɓa a wajen mai karɓar baƙi lokacin da nake fama da neman lambar intanet ɗin otal. Ba ta ma nuna wa kowa ba. Ta ce mu koma ƙofar da muka shiga, mai lamba 79, ta Sarki Fahad, wai ta haddace ta ne saboda bakwai da tara, taran jirgi. Daga nan ta miƙe, ni ina biye da silifas ɗinta a leda. Ga mai shayin da ta gani da za mu wuce, ga shagon da yaron ke kiran "Hajiya, zo, araha", ga kwanar da ake warin soyayyar kaza. Har bakin lifta.

Sauran kwanakin na gyara komai. Na sayi igiya ta biyu, na kwafe lokacin jirgin komawa a takarda saboda Goggo ta nace. Muna Makka ma aka turo mini katin ɗaurin auren ɗan maƙwabcina a kasuwa, Asabar ƙarfe 11:00, na shigar a kalanda nan take don kada hidimar dawowa ta mantar da ni.

Ranar Asabar a Kano wayar ta buga, ta ce tara. Na sha babbar riga da sabuwar hular tsaraba da turaren Makka, na isa ƙofar gidan ina ta sauri. Ba kowa sai yara biyu da mai kafa rumfa. Uban ango ya fito da buta a hannu, ya ga sabon Alhaji tsaye, ya ce kai amma Allah ya yi maka albarka, irinku ake nema, ya nuna mini tulin tabarmi da kujerun roba da ba a sauke daga kura ba.