Kwaɗon da Na Zaɓa wa Alhaji

Da kuɗin adashi na shiga sana'ar yankan makulli, bayan na gama koyo a wurin wani dattijo a bakin kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano. Jarin bai taka kara ya karya ba. Na sayi tsohon injin yanka a Sabon Gari, na haɗa da magagari, da filaya, da ɗaurin makullan da ba a yanka ba, da ɗan ƙaramin janareto, sannan na kama wani lungun shago wanda idan na buɗe hannuwana sai na taɓa bangonsa na dama da na hagu a lokaci guda.

Aikin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaure makullin asali a gefe ɗaya na injin, a ɗaure sabon a ɗaya gefen, sai wani ɗan ƙarfe ya riƙa bin haƙoran na asalin yayin da faifan yanka ke fitar da irinsu a jikin sabon. A cikin kwaɗo kuwa akwai 'yan sandunan ƙarfe, yawanci biyar, kowanne da tsawonsa, kuma ba zai buɗu ba sai haƙoran makulli sun ɗaga su daidai wa daida. Shi ya sa idan mutum ya kawo makullin da ya cinye saboda tsufa, na yanka masa irinsa, sai ya dawo da yamma yana kumfar baki wai ban iya aiki ba. Akwai kuma masu ɗura wa kwaɗo manja idan ya cije, ƙurar hunturu ta tarar da man ta daskare a ciki, alhali garin bakin fensir kaɗan ya isa ya sassauta shi.

Ina cikin lallaɓawa aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500. Daga nan duk lokacin da aka ɗauke wuta na tayar da janareto don makulli ɗaya, ribar takan bi hayaƙi tun kafin mai makullin ya sa hannu a aljihu. Kuɗin haya ya fara taruwa a kaina, na koma gaishe da Alhaji mai shagon daga nesa.

Wata rana da yamma sai ga shi da kansa, fuska a sake, ya ce yana neman kwaɗo mai ƙarfi saboda wani ɗan haya mai taurin bashi. Daɗi ya kama ni ganin cewa akwai wanda ya fi ni laifi a wurinsa. Na ɗauko masa mafi nauyi a cikin kayana, mai taurin wuya wanda zarto ba ya ci, na ce, "Ranka ya daɗe, wannan idan ya shiga ƙofa, duk Kano babu mai buɗe shi sai da makullinsa, har ni da nake gaya maka." Ya jinjina shi a tafin hannu, ya sa mini albarka, ya ce in rubuta bashi.

Washegari da safe na tarar da shi rataye a ƙofar shagona.

Kafin in gama salati maƙwabta sun taru, kowa yana so ya ga yadda za a kwashe tsakanin gwani da kwaɗo. Mai shayin layinmu ya ja ni gefe ya ce, "Malam, idan ka buɗe, daga yau kowa a shagonsa zai riƙa kwana saboda kai, idan kuma ka kasa, wa zai sake kiranka aiki?" Na gode masa, na zauna a kan bencinsa na yi kamar ina nazari, domin gaskiyar maganar ita ce duk kayan aikina suna ciki.

Sai bayan la'asar Alhaji ya iso, lokacin na riga na ranto rabin kuɗin a wurin yayana. Ya ƙirga, ya yi hamdala, ya shiga laluben aljihun babbar riga, ya lalube na dama, ya lalube na hagu, sannan ya tuna cewa makullan duka uku suna jikin makullin motar da ɗansa ya tafi da ita Zariya. Ya dube ni ba tare da ko ɗar ba ya ce, "To ai sana'arka ce, bisimilla."

Muka aro zarto, ya yi ta zamewa a wuyan kwaɗon kamar yadda na yi alkawari, har Alhaji ya yaba da ingancin kayana a gaban jama'a. Aka kira mai walda da injin yankan ƙarfe, ya zo ya tarar babu wuta, ya tambaya ko akwai mai janareto a kusa, sai kowa ya juya yana kallon ƙofar da ke kulle. Daga ƙarshe da guduma da kurfi aka ɓalle marataya ta jikin ƙofar, kwaɗon ya faɗo ƙasa a kulle, ko ƙwarzane bai yi ba.

Alhaji ya ɗora kuɗin gyaran ƙofa a kan hayata, ya kuma ce ba zai biya kuɗin kwaɗon da ba ya hannunsa ba. Ni ma na ce ba zan ba shi kwaɗon da bai biya ba. Yanzu kwaɗon yana wurina, makullan uku suna wurinsa, kuma mai unguwa ya ce mu je mu dawo bayan sallah.