Ƙaho sunna ne, amma wa ya ce ka ajiye maganin hawan jininka?

Jama'a, tallan hijama, wato ƙaho, ya cika Facebook da TikTok, kuma abin da wasu ke faɗi ya fara wuce gona da iri.

Ni ba na cikin masu raina ƙaho. Ya inganta a Bukhari cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, aka biya shi ladansa. Ibn Abbas ya ruwaito cewa waraka tana cikin abu uku: shan zuma, tsagar mai ƙaho da lalas, sai dai an hana al'umma lalas. A ƙasar Hausa kuwa aikin wanzamai ne tun kaka da kakanni. Wanzami ya zo da zabirarsa, ya kafa ƙaho a baya ko ƙeya, ya zuƙe iskar ya toshe ramin, fata ta taso, ya yi tsaga da aska, ya mayar. Iyakar alkawarinsa jiki zai saki, ciwon baya zai lafa.

Yau kuma sai ka ga yaro ya yi kwas na 'yan kwanaki, ya sayi kofunan roba da famfo, ya rataya allo cewa yana maganin suga, hawan jini, ciwon ƙoda, rashin haihuwa, har da daji. Haba malam! A wane hadisi aka jero waɗannan?

Hujjarsu kullum ita ce "mataccen jini". A ɗaga kofi a nuna maka baƙin gudaji a ce ga cutar ta fito. Duk jinin da ya bar jiki ya zauna sai ya daskare ya yi duhu, ko na ɗan tsere ne mai ƙoshin lafiya. Tace dattin jini aikin hanta da ƙoda ne. Abin da binciken likitoci ya fi nunawa shi ne ƙaho kan rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci. Shi ma Michael Phelps, ɗan wasan ninƙaya na Amurka, da suke yawo da hotonsa na gasar Olamfik ta Riyo a 2016, busasshen ƙaho aka yi masa don gajiyar tsoka, ba tsaga ba jini.

Inda abin ya fi tsorata ni shi ne hawan jini. Ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama. Dattijo ya yi ƙaho, ya ji kansa sakayau, ya ce ya warke, ya ture ƙwayoyinsa gefe. Ranar da ɓarin jiki ya shanye, mai allon nan ba ya cikin masu jinya. Mai suga raunin sa ba ya saurin warkewa, mai sikila da mai juna biyu dama jinin bai ishe su ba, mai shan maganin tsinka jini irin warfarin kuwa tsaga kaɗan na iya zame masa fitina. Waɗannan su fara ganin likita tukuna.

Sai batun aska. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini na aƙalla kwana 7, kuma goge aska da tsumma ba ya kashe ta. Nau'in C da ƙanjamau ma ta jini suke bi. Shi kansa wanzamin da ke zuƙa da baki yana cikin haɗari, ga ƙahon dabba da wuyar tsabtacewa. A nan dai na yaba wa masu kofin roba, in har jefarwa suke yi bayan kowane mutum.

A Saudiyya mai hijama sai da lasisin hukumomin lafiya. Mu ma muna da Sarakunan Aska a masarautunmu, wanzamai na jin maganarsu. Me zai hana ma'aikatun lafiya na jihohi su zauna da su, a koyar da tsabtar kayan aiki, a yi wa wanzamai allurar rigakafin ciwon hanta, a kuma tsawata wa masu allon ƙarya? Kafin nan, in za ka je, sayi sabuwar rezarka, a ɓare ta a gabanka, kuma ka sha maganinka na safe kafin ka fita.