Masana kayan tarihi su riga injinan haƙa isa wurin aiki

Wani rahoto ya ce za a ajiye masana kayan tarihi su riƙa sa ido yayin da ake haƙar ƙasa domin shimfiɗa layin dogo, kuma ban yarda da masu cewa ɓata lokaci ne ba. Jirgin ƙasa ba ya jure hawa mai tsanani ko lanƙwasa, don haka dole a yanke tudu a cike kwari, kuma da zarar inji ya cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa, ko an tsinci tukunya daga baya, da wuya a gane zamaninta.

Damuwata ita ce a tsaya kan sa ido kawai. A Istanbul, haƙar da aka fara a unguwar Yenikapı a 2004 saboda aikin layin dogon Marmaray ta tono tsohuwar tashar jiragen ruwa ta zamanin Rumawa da ragowar jiragen ruwa 37, abin da ya jinkirta aikin shekaru, sai a 2013 aka buɗe layin. Ya kamata a binciki hanyar tun kafin a ba da kwangila, a kuma rubuta a cikinta wanda ke da ikon dakatar da haƙa da wanda zai biya kuɗin jinkirin.