Abin da na faɗa ina cikin magagin allura

Wata takwas ke nan da aka yi mini aikin maƙoƙo a wani asibiti a nan Zariya. Alhamdu lillahi aiki ya yi kyau, tabon wuya ya fara dushewa, muryata ta dawo har ina tsawata wa yara a aji kamar da. Duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Malama, jiki ya yi kyau." Ni kuma in ce da godiya. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daga ranar, na yi ta juya shi ni kaɗai, yau dai na ce sai na rubuta, don na tabbata ba ni kaɗai ba ce.

Daren da za a shiga da ni, likitan da ke ba da allurar barci ya zo ya sa na buɗe baki, ya tambaye ni ko ina da haƙorin roba, ya ce daga sha biyun dare kada in ƙara cin komai. Da gari ya waye aka ce in cire 'yan kunne da zobe da awarwaro. Sai hijabi, sai ɗankwali, sai duk abin da ke jikina. Aka miƙo mini wata koriyar riga da ake ɗaurewa ta baya, igiya ɗaya ma ta tsinke. Ni da tun ina makarantar allo ban taɓa leƙa zaure kaina a buɗe ba, ga ni kwance a gado mai taya, da 'yar hular da ba ta rufe rabin kitsona ba, ana tura ni ta baranda. Maza na zaune a benci, cikinsu har da ƙanin mijina. Hannu ɗaya an sa masa allurar ƙarin ruwa, da ɗayan nake riƙe bakin rigar kada ta yaye. Na runtse ido har muka wuce. Wallahi a wannan lokacin na manta da tsoron wuƙa.

Ɗakin tiyata sanyi ne da shi kamar tsakiyar hunturu. Aka miƙar da hannuna, aka tura wani farin ruwa mai kama da madara, na ji ɗan zafi yana bin jijiya, wata murya ta ce in ja numfashi. Daga nan ban san komai ba.

Muna ce mata allurar barci, amma wannan ya wuce barci. Mai barci in ka mintsine shi zai motsa. Wanda aka yi wa wannan allura ko numfashi sau da yawa ba shi yake yi wa kansa ba: ana zura masa roba a maƙogwaro, na'ura ta riƙa hura masa iska, a manne masa ido da filasta don kada ya bushe. Shi ya sa in mutum ya farka yake jin maƙoshi kamar an kankare shi. Ban ga laifin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ni'ima ce babba. Kafin ranar 16 ga Oktoba, 1846, da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa mara lafiya maganin gusar da hankali a gaban likitoci a birnin Boston na Amurka, danne mutum ake yi a yanka shi yana ihu. Kumburi ne ma a wuya aka cire wa mutumin nan, abin da ya sa labarin ya zauna mini. Amma ku duba abin da ni'imar take nema a wurinka: ka miƙa jikinka gaba ɗaya, da tsiraicinka, da harshenka, ga mutanen da ko sunansu ba ka sani ba. Ni ban san amanar da ta fi wannan nauyi tsakanin ɗan Adam da ɗan'uwansa ba.

Farkawar ita ce inda abin yake. Jikina yana karkarwa har haƙora suna haɗuwa, amai yana taso mini, ga wata siririyar roba a wuyana tana fitar da jini cikin 'yar gora. Ina tuna kuka. Ina tuna ina kiran mahaifiyata, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Sauran ban tuna ba, sai da aka nuna mini.

Bayan mako uku da sallamata na daure na je wani suna na dangin maigida a Tudun Jukun. Ina shiga ɗaki sai aka kwashe da dariya, wata ta shaƙe murya tana kwaikwayon yadda nake magana. Ashe lokacin da aka dawo da ni ɗakin mata, wata yarinya cikin 'yan'uwa ta ɗaga waya ta ɗauke ni, minti biyu da 'yan kai, ta tura zauren WhatsApp na gida. Na karɓi wayar na kalla. Ga ni kai ba ɗankwali, yawu yana bin gefen bakina, riga ta zame daga kafaɗa, ina ambaton sunayen mutane, ina faɗin maganganun da ban san daga ina suka fito ba. Wata dattijuwa da nake ganin girmanta ta dube ni ta ce, "Ashe haka kike riƙe da mu a ciki?" Da fara'a ta faɗa, amma har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutane, wai allurar tiyata tana sa mutum ya amayar da gaskiyar da ke cikinsa. Ba haka ba ne. Maganin ba ya sakin ƙwaƙwalwa lokaci guda. Harshe yakan riga hankali farkawa, mafarki ya cakuɗe da abin da kunne ke ji a ɗaki, tsoro da zafi su haɗu, mutum ya yi ta sambatu. Wani ya yi kuka, wani ya yi zagi, wani ya fizge robar hannunsa ya ce zai tafi gida. Ma'aikatan tiyata sun san wannan sarai, musamman ga tsofaffi da ƙananan yara, kuma akwai magani irin su ketamin da aka san shi da sa gane-gane lokacin farkawa. Mu kanmu mun karanta a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da mai barci sai ya farka, da wanda hankalinsa ya gushe sai ya dawo. To abin da Ubangiji bai sa a rubuta wa bawa ba, kai wane ne da za ka ɗauke shi a waya ka ajiye?

Gadon da ke kusa da nawa wata tsohuwa ce daga wani ƙauye ta wajen Giwa, an yi mata aikin ciki. An sa mata robar fitsari, jakar tana rataye a ƙafar gado, kowa ya shigo ita zai fara gani. Ranar da surukinta ya zo dubiya, na ga baiwar Allah nan tana ta laluben gefen zaninta da yatsu, tana so ta saukar da shi ya rufe jakar, hannun ya ƙi kaiwa. 'Yarta tana tsaye tana zuba kunu a kofi, ba ta lura ba. Tsohuwa ta juya fuska ga bango, har ya gama gaisuwa ya fita ba ta amsa ba. Aka ce jiki ne ya matsa mata. Ni da ke kwance kusa da ita na ga hawayen. Matar da wataƙila shekara ashirin ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban wannan mutumin ba.

Kada a ɗauka faɗa nake da ma'aikatan asibiti. Na ga nas guda tana zagaya ɗaki cike da marasa lafiya tun magariba har asuba, wuta ta ɗauke tana haska agogon hannunta da fitilar waya. Kuma mutumin da ya fi kyautata mini a duk zamana wata sista ce a ɗakin farfaɗowa. Abu na farko da na ji da hankalina shi ne muryarta kusa da kunnena: "Hajiya, sannu. An gama aiki lafiya. La'asar ta yi, mijinki yana waje." Sai ta ja bargo ta rufe mini ƙafafu, ta gyara hular kaina. Ko minti ɗaya abin bai kai ba, amma da shi na gane cewa har yanzu ni mutum ce. Abin da nake cewa shi ne wannan ya kamata ya zama ƙa'idar aiki, kada ya tsaya ga sa'ar wadda ka tarar a bakin aiki. Jan labule kafin a yaye wa mutum riga, ko a ba shi fo, ba ya jiran kasafin kuɗi. Haka kiran mutum da sunansa maimakon "mai maƙoƙon nan" ko "gado na shida". Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya, kuma kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da Mataimakin Shugaban Ƙasa na wancan lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a 2018 ya ambaci sirri da mutuntawa ƙarara. Garin nan kuwa tun 1967 Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da likitoci, ɗalibanta sun bazu ko'ina a Arewa. Ɗabi'ar da aka shuka a Zariya tana kaiwa nesa.

Amma mafi yawan abin da ya ci mini rai daga gida ya fito. Mu ne muke cika ɗaki da 'yan dubiya tun mutum bai san inda kansa yake ba. Mu ne muke ɗaga zani mu nuna wa baƙo ɗinki. In mara lafiya ya buɗe baki ya ce an ci masa fuska, sai a rufe shi da "Ki gode wa Allah da kika tashi, wasu ba su tashi ba." Na gode wa Allah, ina kan gode masa. Godiyar ba ta hana a ce abin da aka yi bai dace ba. Lalura ta halatta wa likita ganin abin da aikinsa ya shafa, ba ta halatta wa duk wanda ya zo da lemo da ayaba ba.

Kuma abin yana da illa ga lafiya kanta. Ina da kawu, mutum mai kamun kai, limamin masallacin unguwarsu. Tun da aka yi masa aiki ya farka ya tarar an yi masa aski a mara, an sa masa roba, ba wanda ya gaya masa tun farko cewa za a yi hakan, ya rantse ba shi ba asibiti. Ranar komawa ganin likita ta zo ta wuce, yana gida yana shan jiƙe-jiƙe. Da wani ya zauna da shi minti biyar a daren aikin ya ce, "Baba, ga abin da za a yi, ga dalili, namiji ne zai yi maka," da ba mu kai nan ba.

Yarinyar da ta ɗauke ni na kira ta gida, na zaunar da ita. Ta yi kuka ta ce wallahi wasa ta ɗauke shi, na kuma yarda da ita. Ta goge a gabana. Sai dai magana zarar bunu ce, mutum arba'in da wani abu ne a zauren nan, ban san wayoyi nawa yake ciki ba har yanzu.

Ranar Litinin mai zuwa za a yi wa ƙanwar mahaifiyata aiki, ni ce mai jinya. Na riga na sa babban zani da hula mai igiya a jaka, na roƙi sista ta bar ni in lulluɓe ta kafin a fito da ita baranda, ta ce babu damuwa. Na kuma gaya wa 'ya'yanta da surukanta cewa ba mai shiga sai Inna ta farka sosai, ta ɗaura ɗankwalinta da hannunta, ta ce a shigo.