Curin shinkafar da ya koma donot

Ranar Asabar ina wanke-wanke, a nan Manchester, sai autana ya ƙwala min kira daga falo: "Umma, zo ki ga donot ɗin Japan!" Tsohon Pokémon yake kallo, shirin katun na Japan, na farko-farkon nan. Na leƙa, sai ga Brock, ɗaya daga cikin jaruman shirin, riƙe da curin farar shinkafa mai kusurwa uku, da ɗan baƙin ganyen teku manne a gindinsa, bakinsa kuwa na cewa donot ne mai jam a ciki. Onigiri ne fa, guzurin da kowane yaro a Japan ya sani.

Aikin kamfanin 4Kids na Amurka ne, wanda ya juya shirin zuwa Turanci a 1998, shekara guda bayan fitowarsa a Japan. Sunayen jaruman ma sun canza su: Satoshi ya zama Ash, Kasumi ta zama Misty, Takeshi ya zama Brock. Da suka karɓi One Piece, wani katun ɗin na Japan, a 2004, har zanen suka taɓa: sigarin bakin wani jarumi mai suna Sanji ya koma alewa mai tsinke. Na sigarin dai ban ja ba, uwa ce ni. Amma shinkafa me ta yi musu? Sun ɗauka yaron Amurka ba zai iya kallon abincin da bai sani ba ya tambaya.

Mu ma muna fassara, kuma ba ma yin ta da kunya. Duk wanda ya kalli fim ɗin Indiya da aka juya a Kano ya san mai fassarar ba ya bin kalma da kalma. Mugu zai buɗe baki ka ji ɗan daba sak, jarumi ya jefo karin maganar da Ba'indiye bai taɓa mafarkinta ba, wani lokacin barkwancin ya fi na asalin daɗi. Sai dai sari na nan a jikin jarumar, jan ɗigon goshinta na nan, ba wanda ya ce maka Mumbai Fagge ce. Namu ƙari suke yi, na can gogewa suka yi. Ka yi tunanin a kai fim ɗinmu waje, a nuno tsohuwa tana dama fura a ƙwarya, a ce askirim take haɗawa.

Yanzu abin ya yi sauƙi, yawancin sababbin fassarori na barin sunaye yadda suke, masu kallo ma ba sa yafe irin wancan.

Da daddare na tuƙa tuwon shinkafa, na cura wa autana ɗaya mai kusurwa uku. Ya fasa shi da yatsa, ya leƙa ciki, ya ce ina jam ɗin.